Yadda Za Ki Ci Gaba da Karɓar Kwandon Mijinki Bayan An Binne Shi

'Yar'uwa, in kin bi abin da zan gaya miki daki-daki, na yi miki alkawari mijinki zai ƙara shekara guda a duniya bayan an binne shi, kuma zai fi samun lafiya fiye da lokacin da yake numfashi. Ba a littafi na gani ba. Ni na gwada.

Ranar wata Alhamis labarin ya same ni. Ina kan layin rabon abinci a Kurudu, ƙarƙashin rumfar da gidauniyar matan manyan ma'aikata ke kafawa duk ƙarshen wata, saura mutum huɗu a gabana, sai waya ta yi ƙara. Abokin aikin mijina Hassan ne, daga wurin ginin da suke ɗaukar bulo a Utako. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Malam ya yanke jiki ya faɗi. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa."

Na yi salati. Amma ƙafata ba ta bar layi ba. Da na isa tebur, Madam Rosemary mai rajista ta buga hatimi a katinsa, ta ce, "Yaya jikin oga?"

Bakina ya ce, "Da sauƙi."

Ta ce in gaishe shi. Na ɗauki kwandonsa a ka na tafi gida aka yi jana'iza. Ga yadda za ki yi naki.

1. Ki san abin da kike karewa

Rabo iri biyu ne. Talaka mai lafiya yana samun shinkafa mudu biyu, taliya, da kwalbar mai. Mai ciwon suga kuwa ana ba shi kwando: ƙwai, wake, acca, busasshen kifi, zogale, har da madarar gari. Hassan yana da suga, saboda haka gidanmu gidan kwando ne.

'Yata Sumayyah shekararta biyar. Kafin kwandon nan gashinta ya yi ja kamar gemun masara, ciki a gaba, ƙafa kamar tsinke. Na taɓa tambayar ko akwai kwando na yara. Aka ce na yara bara aka yi, bana shekarar masu suga ce. Ki riƙe wannan: yunwa ma sai ta jira shekararta.

Shi Hassan bai taɓa cin ƙwan nan shi kaɗai ba. Ya ci farin, ya ba yarinyar gwaiduwa, ya ce wai ba ya sonta. Mutumin da zai iya lashe tukunya.

2. Kada takaba ta tayar miki da hankali

Za ki ce, ya zan je layi ba kwalli, ba lalle, ba turare, da tsohon hijabi, ai za a gane ina takaba? Kwantar da hankalinki. A layin rabo kowa haka yake. Wata huɗu da kwana goma na yi, babu wanda ya ga bambanci. Wata ma'aikaciya har yaba mini ta yi, ta ce fuskata ta dace da hoto, ta matso da ni gaba.

Abu ɗaya: kuka. Ki yi shi a gida ki gama, ko cikin mota daga unguwarmu Orozo zuwa Kurudu, ki juya fuska wajen taga. In ya ƙwace miki a layi, ki ce hayaƙin janareta ne.

3. Amsa ɗaya ce

Duk wata za a tambaye ki jikinsa. Ki ce da sauƙi. Kada ki ƙara gishiri. In an ce me ya hana shi zuwa, ki ce yana kwance. Wannan ba ƙarya ba ce. In an ce yana kiyaye cin zaƙi, ki ce ko ɗanɗanawa ba ya yi. Wannan ma gaskiya ce. Za ki yi mamakin yawan gaskiyar da ke cikin lamarin.

4. Ki zauna a yi miki lacca

Ba a miƙa kwando sai an saurari bayanin ingantaccen abinci. Hajiya Nabilah, shugabar gidauniya, za ta sauko daga mota mai sanyi ta ɗaga hoton faranti da aka raba gida huɗu. Za ta ce a rage nama. Ki gyaɗa kai. Rabonmu da nama tun layya, wannan darasin mun riga mun haddace. Za ta ce a riƙa cin tuffa bayan abinci. Kada ki tambayi bayan wane abinci. Wata mata ta tambaya, aka mayar da ita ƙarshen layi.

5. Jini

Nan ne wurin da mata da yawa za su faɗi. Duk wata sai an kawo takardar gwajin suga daga kemis, da sunan mai kati. To mai kati yana maƙabarta. Sai ki je kemis ɗin da ba a san ki ba, ki miƙa yatsanki, in an ce wane suna, ki ce Hassan. Mai kemis ba ruwansa, ko Fir'auna kika ce zai rubuta.

Amma ki kiyayi kuskurena. Jinin macen da ke kwana da ruwan koko ba suga a cikinsa. Wata shida a jere sakamakon Hassan yana fitowa tas kamar na jariri. Ni ina murna. Ashe a ofis ma murna suke. Rannan Madam Rosemary ta kama hannuna ta ce, "Albishirinki! A duk masu suga oganki ne ya zo na ɗaya. Asabar Hajiya za ta zo gida da masu kamara, a gan shi."

Na ce masha Allah.

6. In za ki ari miji, ki fara neman izinin matarsa

Kada ki ari ɗan'uwansa, zai yi miki wa'azi. Kada ki ari saurayi, unguwa za ta yi magana. Ki nemi tsoho mai hankali wanda ya ɗauki makarar da kafaɗarsa. Nawa shi ne maƙwabcinmu Baba Zacharias, tsohon maigadi. Wajen matarsa na fara zuwa, Mama Lucia.

Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Maman Sumayyah, ɗauke shi. Da ma tun safe zaune yake ba ya komai. Amma ni ma zan zo, kar ya je ya manta hanyar gida."

Baba ya ce, "Ni ban iya ƙarya ba fa."

Ta ce, "Wa ya ce ka yi magana? Shekara talatin kana barci a bakin get kana cewa gadi kake. Kwanta kawai."

Ki tura yarinya gidan wata ƙawarki. Yaro ba ya riƙe irin wannan, kuma bai kamata a ɗora masa ba. Ki fito da rigar marigayi da hularsa. Ki tabbata an tura sarƙar gicciye cikin riga. Ke kuma ki tsaya bakin ƙofa, matarsa ta zauna kusa da shi a matsayin yayarsa.

7. Ranar Asabar

Motoci uku suka zo, ɗaya ta maƙale a kwata. Hajiya Nabilah ta shigo tana ɗage leshi, ta ce, "Malam Hassan, kai ne abin alfaharinmu! Ka ga amfanin bin doka?"

Baba ya ce, "Sosai, ranki ya daɗe. Tun da na fara ban ƙara jin ciwon komai ba."

Aka ɓare ƙwai aka miƙa masa ya ci a gaban kamara. Sai tsohon nan ya rufe ido ya haɗa hannuwa, ya fara, "Ya Ubanmu..." Mama Lucia ta mintsine shi a cinya. Ya buɗe ido ya yi bisimilla da ƙarfin da har akuyar waje ta amsa.

Nan ne abin da ban shirya masa ba ya faru. Na ɗaga kai na ga hular nan, mai zare kore da ta kece a gefe, da rigar da ni na ɗinke mata aljihu, a daidai wurin da yake zama. Sai na ga farin ƙwan ya ƙare, an kai gwaiduwa baki. Kukan da na yi wata shida ina ɓoyewa a motar Kurudu ya fito gaba ɗaya.

Hajiya ta ce wa mai kamara, "Ɗauko ta, ɗauko ta! Kukan godiya ne."

In ya zo miki, ki bar shi ya zuba. A ranar kaɗai ba wanda zai tambaye ki dalili.

8. Ki bincika cocin da mai rajista take zuwa

Ni ban bincika ba. Ashe cocinsu ɗaya da Baba Zacharias, shi ne ma mai nuna wa mutane wurin zama ranar Lahadi. Tun da Madam Rosemary ta shigo take kallonsa, shi kuma yana kallon rufin kwano. Da aka fara naɗe wayoyi, sai ta ja ni bayan ɗaki wajen randa.

Ta ce, "Yaushe?"

Na ce, "Ranar da kika ce in gaishe shi."

A daidai lokacin Sumayyah ta ƙwace daga inda na kai ta, ta shigo da gudu, kumatu cike, gashi baƙi wul. Madam ta bi ta da kallo har ta shige.

Ta ce, "Kin san mun rubuta wa masu ba mu tallafi cewa ko mutum ɗaya bai mutu mana ba?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "To bai mutu ba. Allah ya ji ƙansa." Ta gyara jakarta. "Wata mai zuwa ki sha shayi da suga kafin ki je kemis. In ya cika warkewa za a yaye shi daga kwando."

Har yau ban san ko rahotonta ta duba ko yarinyar ba. Ban tambaya ba. Ke ma kada ki tambaya.

Yanzu in kin bi ta Kurudu ranar rabo, za ki ga ƙaton hoto a jikin rumfa: Malam Hassan, gwarzon cin ingantaccen abinci. Baba Zacharias ne da ƙwai a hannu. Mama Lucia ta ce tun da aka kafa shi ya daina ɗebo mata ruwa.

Gargaɗi

In an kama ki, ban san ki ba, ban taɓa zuwa Kurudu ba, kuma mijina yana kwance. In shekarar masu suga ta ƙare aka shiga ta masu hawan jini, wannan ba laifina ba ne, sai dai ki fara gudu kafin ki je gwaji. In kuma batun zunubi ne, kada ki jingina da ni. Nawa ina kai shi gaban Mai sama sau biyar a rana, shi ya san abin da ke cikin tukunyata kafin kwando da bayansa.

Abu ɗaya ne ban sa a cikin matakai ba, don ba ya ƙara komai a rabo. Kullum da safe nakan dafa ƙwai ɗaya, in sa a kwanonsa mai shuɗin murfi, in ajiye a wurin zamansa. Nakan ba shi daidai lokacin da yake ɗauka yana ɓarewa. Sannan in kira Sumayyah in ce, zo ki ɗauka, babanki ya bar miki.

Takan ci gwaiduwar, ta miƙo mini farin. Wai ba ta sonsa.