Kuka Kan Kifin da Ya Ƙwace Mini Falo

Zuwa ga Mai Girma Manajan Kamfanin Kifin Ado na Kogi Bakwai, jagoran masu kiwon abin da ba a ci, Allah ya ƙara wa tankunanka albarka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka da duk mai ƙaya da ke ƙarƙashinka. Ni tela ce, matar wani direban babbar mota da ya ajiye tuƙi ya zauna a gida ko tari ba ya yi. Likita ya ce a nema masa abin yi. Babban ɗanmu ya kai shi shagonka, suka dawo da akwatin gilashi da kifayen da kuke kira diskos, waɗanda kuka rantse daga kogin daji aka kamo su. Ina da 'yan koke-koke, in ba za su dame ka ba.

Na ɗaya, ranka ya daɗe, ina kifin? A hotonku faffaɗa ne kamar faifai, yana sheƙi. A falona kuwa, baƙo na yin sallama sai su yi baƙi ƙirin su shige bayan wani guntun icce. Ƙanwata ta zuba wa akwatin ido har shayinta ya huce, sannan ta tambaye ni a hankali ko maigidan ya koma kiwon itace ne.

Na biyu, ruwa. Ruwan famfon da na raini 'ya'yana da shi, wai ya yi wa kifinku nauyi. Sai an tace, an ɗumama, an ɗiga masa magani a kwalba an duba launi. Mutumin da bai san inda bokitin gidan nan yake ba, yanzu kullum yana ratsa falo da tiyo a wuya. Kafet ɗina bai bushe ba tun zuwansu. Shin a dajin nasu wa ke yi musu wannan hidima?

Na uku, abinci. Na buɗe firij na ga zuciyar saniya an gyara ta tas, ba kitse ba jijiya. Na ce Allah sarki, tsufa ya koya wa Malam kyautatawa. Na soya, muka ci, har ya yaba. Da ya gane rabon kifi muka cinye, sai ya ajiye cokali ya tafi ba su haƙuri. Ba zan yi maganar jajayen tsutsotsin da ke daskare kusa da ƙanƙarata ba, don wasiƙar nan ta mutunci ce.

Na huɗu, keken ɗinkina. An ce ƙararsa na firgita su, aka mayar da ni baranda, inda masu kawo ɗinki ke gwada riga tsakanin tsintsiya da igiyar shanya.

Na biyar, biyu daga cikinsu suka yi ƙwai, suka juya suka cinye abinsu. Malam ya zauna a ƙofar gida ya yi tagumi, har maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya tsuguna ya yi masa ta'aziyya, ya shafa addu'a, sannan ya tambayi wa ya rasu.

Na shida shi ne mafi nauyi. A karo na gaba ƙwan ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan suka manne a jikin iyayen suna tsotsar fatarsu. In uwar ta gaji sai ta girgije, su koma jikin uban, shi kuma ya ɗauka ba gunaguni. Malam ya kira ni in gani. Muna cikin kallo sai ya tambaye ni, wai lokacin da yake kan hanya wa ke karɓa mini in na gaji. Na ce masa babu kowa. Washegari na tarar da shi da jikarmu, jaririyar 'yarmu da ta zo wankan jego, a kafaɗa, ta yi masa tumbuɗi a riga, yana jijjiga ta yana cewa uwar ta je ta kwanta.

To, ranka ya daɗe, ina kamfaninka yake lokacin da nake ga goyo ga ciki ga ɗinkin mutane? Me ya hana ku kawo kifin nan tun bayana bai ƙage ba? Wannan sakaci ne, kuma ban yafe ba tukuna.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a aika da akwati ɗaya, da mace da namiji masu haihuwa, gidan mijin 'yar tawa. A ajiye shi daidai gaban kujerar da yake kallon ƙwallo.

Taka mai biyayya, gwiwa biyu a ƙasa,

Tela, matar mai kifi.