Ranar da Sarkin Lambu Ya Yi wa Zaure Ado

A zamanin kakannin kakanninmu, Dabo Sarkin Lambun Birnin Kudu ya sa aka sare furen albasar da Inna Safiyatu ta bari don iri. Fangali shida cur, saura mako biyu irin ya nuna. Ko sallama bai yi mata ba.

Amma wa zai ga laifin Dabo? Mutum ne da ya ga duniya. Ya taɓa zuwa Kano sau ɗaya, ya leƙa zauren wani Balarabe, ya hango furanni cikin tulun tagulla. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, in ji masu magana, amma ba su san Dabo ba. Tun ranar hancinsa ya daina jure warin taki. Bai taɓa jan jigo ba, shi ya sa dattawan 'yan lambu suka ba shi sarauta, don shi kaɗai ne rigarsa ba ta san taɓo ba. Mata suka laƙaba masa Ƙamshin Birni.

Da 'yan lambun Gwaram suka aiko za su zo musayar iri kamar yadda aka saba duk rani, sai ya tara jama'a.

"Ya ku masu laka a ƙafa! Kowane ƙauye na iya nuna wa baƙo albasa. Mu fure za mu nuna. Haka manya ke yi, ni ganau ne!"

Safiyatu ta isa fadama ta tarar an yi wa fangalinta aski ƙwal. Jar albasa ce ta gado wurin ubanta, rabin fadamar ita ke ba su iri.

Zauren Dabo kuwa ya sha ado. Tuluna ashirin, kowanne da fararen kawuna tsaye ƙiƙam. Baƙi suka zauna, ƙudan garin kaf suka zo taya su zama, zuma ta biyo baya. Dabo na jawabi yana tofar da ƙuda. Yajin albasa ya cika ɗaki, Malam Haladu jagoran baƙi ya kama share hawaye.

"Kun gani ko?" in ji Dabo. "Kyau ya sa dattijo kuka!"

"Ranka ya daɗe, ado ya yi," in ji Haladu. "Ga irin alkamarmu. Ina na jar albasar da muka yi tafiyar kwana biyu dominsa?"

Dabo ya nuna tuluna. Haladu ya dube su, ya ɗaure bakin jakarsa, ya nemi takalmansa.

A nan Safiyatu ta shigo. Ta sunkuci tulu ɗaya ta dire shi gaban dattawa, ta dubi babbansu.

"Baba Sabo, ku kuka naɗa shi. To ga shi, ku shuka mini wannan in gani. In bai fito ba, ku tasa Sarkinku gaba, a ƙafa, har Gwaram, ya roƙo mini ragowar irin da na ba su bara. Kuma a kansa zai ɗauko. Rawanin nan ya isa gammo."