Kaka Ta Gaya wa Dillali Gaskiya

"Lafiya lau na tashi, sai ganinka da ya ɓata min safiya," in ji Kaka. Tana zaune a bakin ƙofarta tana tsintar shinkafa. Jikanta makaniki ne, ya shigo da rigar aiki duk baƙin mai. Abokin hayarsa ya kwashe kaya ya gudu, shi kuwa ba zai iya riƙe ɗakin shi kaɗai ba.

"Amaryata, ki sa min albarka. Na sa dillali ya nemo min abokin zama."

"Ina na da?"

"Wai iskar unguwar ce ba ta karɓe shi ba."

"Iskar unguwa ko iskar takalmanka? Me ka ce wa dillalin?"

"Na ce ina son mai tsafta, mai natsuwa, marar hayaniya. Irina dai."

Kaka ta ajiye faranti ta riƙe baki. "Irinka! Shi ya sa dillalai suke ƙiba. Kowa ya je ya ce shi waliyyi ne, a haɗa waliyyi da waliyyi, kafin wata ya ƙare sun ba hammata iska, dillali ya sake cin la'ada."

"Ke me kika sani a harkar haya? Lokacinku a kogo ake kwana."

"A kogon na goya ubanka."

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, dillalin ne. Kafin ya kai ta kunne Kaka ta fizge.

"Malam dillali, kakarsa ce. Duk abin da ya gaya maka, goge shi. Minsharinsa kamar janareta. Kwanon da ya ci abinci sai ya yi gashi kafin ya ga ruwa. Yanzu haka akwai kan injin mota a ƙarƙashin gadonsa."

"Tsohuwa, za ki kashe min kasuwa!"

Ta ture hannunsa. "Amma ba ya taɓa kayan mutum. Kuma in ciwo ya kwantar da kai, a bayansa zai kai ka asibiti. Ni ya kai, ba labari aka ba ni ba."

Makaniki ya sosa ƙeya. Daga cikin wayar aka ji dillali yana dariya har da tari.

"Hajiya, da haka kowa yake faɗa min da na huta. Ina da wani mai gadi, kowa ya ƙi shi don da rana yake barci. Yana dawowa da safe, jikanki ya tafi gareji."

Kaka ta miƙa wa jikan wayarsa. "Ka ji. An samo maka wanda ya dace da kai, wanda ba zai taɓa ganinka ba."

"To yanzu dillali yana da amfani ko babu?"

"Yana da shi, in an je masa da kaka."

Makaniki ya fashe da dariya ya ɗaga hannu biyu. "Na sallama. Nawa ne la'adarki?"

"Wanka."

Ta shiga ɗaki ta fito da bargo sabo fil a cikin leda. Ya miƙa hannu yana washe baki, ta buge hannun.

"Ba naka ba ne. Ka kai wa mai gadin, ka ce ina yi masa jaje tun yanzu."