Babban Edita da Maziyartansa Dubu

Idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwa a wannan zamani, zalunci ne a tsallake Babban Edita. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma ba wanda ya kai shi sanin kansa. Shi ne ya gano abin da ya shige wa kakanninmu duhu, wato ashe wahala ba dole ba ce. Ka buɗe shafi a intanet, ka zuba rubutu, kamfanin talla ya liƙa tallace-tallacensa a gefe, jama'a su shigo su danna, kai kuwa kana kwance dala tana ta shigowa. Manoma da maƙera da direbobi duk sun yi ta zubar da gumi ne kawai saboda ba su yi sa'ar haɗuwa da shi da wuri ba.

Muƙamin Babban Edita shi ya naɗa kansa, bayan ya yi doguwar shawara da Shugaban Kamfani, wanda shi ma shi ne. Daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma kuwa, mai buga takardu ne a ofishin wani lauya, yana buga wasiƙu yana danna hatimi. Amma wannan, in ji shi, riƙon ƙwarya ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana riƙe da ƙwaryar.

Hedikwatar kamfanin tana lungun falo, tsakanin firji da taga, a kan teburin guga. Ranar da matarsa za ta yi guga, hedikwata takan koma kan kujera na ɗan lokaci. A nan yake zama ya saka tabarau marar magani, ya haifo wa duniya ilimi: "Hanyoyi Goma Sha Bakwai na Zama Attajiri Kafin Karin Kumallo, Ta Tara Za Ta Girgiza Ka." "Abin da Masu Kuɗi Ba Sa So Ka Sani Game da Barci." "Me Ya Sa Har Yanzu Kake Karɓar Albashi?" Wannan na ƙarshen a ofishin Lauya ya rubuta shi, da kwamfutar Lauya, a lokacin aikin Lauya.

Duniya dai ba ta cika saurin gane manyan mutane ba. Wata shida shafin yana samun maziyarta uku a rana: Babban Edita a kwamfuta, Babban Edita a waya, sai Babban Edita daga ofis. Wata Talata aka samu na huɗu. Ya sayo lemo aka sha a gidan. Bawan Allah ne ya ɓata hanya yana neman farashin taya, bai kuma sake dawowa ba.

Ana cikin haka ya je gaida mahaifiyarsa, wadda ke zaune da ƙanwarsa layi biyu da gidansa. Tsohuwa ta tambaye shi ko wannan sabon aikin da ake ta faɗa yana kawo wani abu. Ya gyara tabarau, ya miƙa mata wayar.

"Mama, kin ga hoton takalmin nan a gefe? Shi ake kira talla. Duk wanda ya taɓa shi da yatsa, kamfani ya biya ni."

"Taɓawa kawai?"

"Taɓawa kawai."

"Ba sai ya sayi takalmin ba?"

"Ko silifa ba sai ya saya ba. Wannan shi ake kira tattalin arzikin zamani, Mama. Ba lallai ki gane ba."

Mama ta dubi takalmin hoto, ta dubi na ƙafar ɗanta da dunduniyarsa ta cinye gefe guda, tausayi ya kama ta. Shekara arba'in tana neman hanyar da za ta taimaki yaron nan, ashe taimakon a kan yatsanta yake. Yana fita ta kira ƙanwarsa ta ce a saka mata shafin yayanta a waya, a nuna mata inda takalmin yake, kuma kada wanda ya gaya masa, don shi mutum ne mai zuciya.

Abin da Mama ta sa a gaba ba ta yi masa riƙon wasa. Ta fara da kanta, hamsin bayan karin kumallo, hamsin bayan abincin rana. Ta shigar da ƙanwarsa da mijin ƙanwarsa. Ta shigar da tela da mai aski da mai shagon magani. Ta shigar da tsofaffin da suke haɗuwa a layin asibiti ranar masu ciwon gwiwa, suna jiran likita suna danna takalmi. Daga baya ma ta fito da kujerarta bakin ƙofa, duk wanda ya gaishe ta sai ta tambaye shi ko ya danna na yau, kafin ta amsa.

Can a hedikwata, alƙaluma suka fara tashi. Ɗari. Ɗari huɗu. Dubu. Babban Edita ya tsaya gaban allon kwamfuta hannu a ƙirji, idonsa ya ciko. Bai yi mamaki ba, shi dai ya san ranar nan tana tafe, jinkirinta ne kawai ya ɓata masa rai. Tafiyarsa ta canza. Gaisuwarsa ta koma ɗaga yatsa biyu. Ya ƙara wa kansa muƙamin Masanin Zirga-zirgar Intanet, aka sake buga kati.

Matarsa malamar lissafi ce, kuma wannan shi ne babban aibinta. Ta leƙa allon ta ce, "Baban yara, mutum dubu suna shiga kullum, amma ko ɗaya bai taɓa barin sharhi ba?"

"Rubutuna kashe baki yake yi. Mutum ya gama karantawa ya rasa ta cewa."

"To me ya sa duk ƙarfe bakwai na safe da biyu na rana suke zuwa?"

"Masu hankali suna da tsari."

"Kuma nan an nuna ba mai wuce daƙiƙa uku a shafin."

"Masu karatuna ba irin ɗalibanki ba ne, da za su kwana a layi ɗaya."

Ta juya ta koma kan aikinta. Ya ɗauki hakan a matsayin nasara, kamar yadda ya saba.

Ranar ɗaya ga wata ya shiga ofishin Lauya ba tare da ƙwanƙwasa ƙofa ba, ya ajiye takardar barin aiki mai shafi huɗu. A ciki ya gode wa ofishin bisa damar da ya samu ta zama da mutum irinsa, ya kuma yi alkawarin ba zai manta da ƙananan mutanen da ya taso a cikinsu ba. Lauya dattijo ne mai haƙuri, kuma ya san akwai yara uku a gidan. Ya karanta har ƙarshe, ya gyara kuskure biyu da jan biro saboda sabo, sannan ya jawo aljihun tebur.

"Zan ajiye ta a nan zuwa ƙarfe huɗu na ranar ƙarshen wata. In ka zo ka karɓi abarka kafin nan, ban taɓa ganinta ba. In huɗu ta buga, akwai mai jiran kujerar."

"Ranka ya daɗe, ka ba shi tun yau. Mutum ba ya komawa keke bayan ya hau jirgi."

Tun daga ranar matarsa ba ta sake samun kwanciyar hankali ba. Albashin nan shi ne hayar gida, shi ne makarantar yara. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Ta ce ya bari ko sau ɗaya kamfanin tallan ya biya, su ga abin a hannu, sannan ya yi duk taƙamar da zai yi. Ya dube ta da tausayi irin na manya, ya ce abin da ke damunta suna gare shi a ilimance, ana kiransa tunanin albashi, kuma yana da rubutu a kai.

Don ya rufe bakin masu shakka gaba ɗaya, ya shirya taron horarwa mai taken "Sirrin Samun Kuɗi Kana Barci." Ya kama zaure a saman wani kanti, ya yi hayar majigi da lasifika. Ya sa taron ranar ƙarshen wata, ƙarfe biyu na rana, ranar da kamfanin talla ke sakin kuɗi. A gaban jama'a zai buɗe asusunsa, a haska a bango, kowa ya gani da idonsa.

Zauren ya cika har da na tsaye. Babban Edita ya leƙo ta bayan labule ya ga tela, ya ga mai aski, ya ga mai shagon magani, ya ga tsofaffi jere da sandunansu, Mama a kujerar gaba ta sha ado. Zuciyarsa ta yi fari. Ashe har tsofaffi rubutunsa ya ratsa! Bai tsaya tambayar wanda ya gayyato su ba, ya fito cikin kwat ɗin aro, hannun ya ɗan fi nasa tsawo.

"Jama'a," in ji shi, "ku dube ni da kyau, don nan gaba sai da alkawari za a riƙa ganina. Ni ban gaji kuɗi ba. Kuɗi ne suka gaji da jira suka zo. Sirrin abu ɗaya ne: inganci. Ka rubuta abin da zai taɓa zuciyar ɗan Adam, ɗan Adam zai nemo ka ko a rami kake. Ni ban taɓa roƙon kowa ya shiga shafina ba. Alƙalamina ne ke kiransu, su kuma suna amsawa."

Aka yi tafi. Mama ta fi kowa, tana yi tana kare ɗan yatsanta na dama da ke naɗe da bandeji.

Ya yi bayanin yarintarsa, da alamomin da aka gani tun yana rarrafe. Ya yi bayanin malaman da ba su gane shi ba. Ƙarfe uku da rabi matarsa, wadda ta tsayar da mai tasi a ƙasa, ta miƙo masa 'yar takarda: "Saura rabin awa. Don girman Allah mu je ka karɓo takardar, in ya so ka dawo ka ci gaba." Ya karanta, ya yi murmushi, sannan ya karanta wa zauren duka ta lasifika, a matsayin misali na cutar da ya gama bayani. Wasu suka yi dariya. Ita ba ta yi ba, ta koma ta zauna tana kallon agogon bango, har dogon hannun ya hau sha biyu ya wuce.

Huɗu da kwata ya ce a ja labule. Majigi ya haska bango. Ya shigar da kalmar sirri da yatsa ɗaya, a hankali, yadda za a ji daɗin kallo. Shafin ya buɗe. Maimakon alƙaluma, sai ga wani jan akwati ya cika bangon. Da yake bakinsa ya riga ya ɗauki gudu, ya karanta da ƙarfi kafin kansa ya iso:

"An rufe wannan asusu, kuma ba za a sake buɗe shi ba. Bincikenmu ya nuna danna tallan da ake yi a shafinka na bogi ne. Wayoyi talatin da ɗaya ne suke maimaita shi kullum, daga unguwa ɗaya. Ba za a biya komai ba."

Babban Edita ya cire tabarau ya goge, ya mayar, rubutun bai canza ba. Ya buɗe baki zai ce maƙiya ne, sai Mama ta dogara sanda ta miƙe, ranta a ɓace.

"Bogi? Wa suke kira bogi? Wallahi ƙarya suke yi! Ni da hannuna nake dannawa, ɗari kullum, ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ban yi fashi ba. Ga yatsan nan, likita ne ya naɗe shi! Jama'a, ku faɗa musu, bogi muke yi?"

"Ina fa bogi!" in ji mai aski. "Ni har ina tsaka da aski nake tsayawa in danna."

Tela ya ɗaga hannu. Mai shagon magani ya ɗaga. Tsofaffin gwiwa suka ɗaga sanduna. Matarsa, da yake lissafi ya zame mata jiki, ta ƙirga ba da niyya ba, ta samu talatin da ɗaya cif.

Babban Edita ya dubi duniyar da alƙalaminsa ya kira, ga ta nan gaba ɗaya a zaure guda, kuma duk ya san gidajensu. Aiki ya tafi minti ashirin da suka wuce, dala ba ta zo ba. Abu ɗaya ya rage masa, ya kama shi da hannu biyu. Ya manta lasifika tana kunne, ya sunkuyo, muryarsa ta koma ta yaro.

"To amma Mama, kun dai karanta, ko? Ko da guda ɗaya?"

Mama ta dubi tela, tela ya dubi mai aski. Ta juyo da fuskar tausayi.

"Karatu kuma, ɗan nan? Au, da rubutu a ciki?"