Dalilin Balbela

A wani daji mai tafki ɗaya tak, Ɓauna ce ke tsaron ruwa, Gwanki kuma mataimakinta, kuma ba a taɓa ganin aminai irinsu ba. Balbela kuwa aikinta ta hau bayan Ɓauna ta cire mata kaska. Fara ce tas, ba ta ɗaga murya, don haka kowa ya shaida mutuniyar kirki ce.

Damina uku Balbela ta yi tana aiki a kunnen Ɓauna, kuma ba ta taɓa shara ƙarya ba. Sai dai ta ce, "Yaya, me Gwanki da Kura suke wa dariya? Bar shi kawai, ƙila ba da ke suke ba." Ran nan Ɓauna ta tunkuyi Gwanki a bakin tafki ta karya masa ƙafa. Ya bar dajin yana ɗingishi, ita kuma ta daina kiwo don nadama.

Majalisa ta zauna, Kunkuru na shugabanta. Balbela ta gyara fukafukanta tana jira a gano gwanintarta. Bayan kwana biyu ana jawabai, Kunkuru ya ce, "Bincike ya nuna zafin rana ne ya jawo wannan abu."

Abin ya ƙona wa Balbela rai. Aikin damina uku, a ɗauka a ba rana? Ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na haɗa su."

Kunkuru ya ce, "A dokarmu babu laifi sai da dalili. Mene ne dalilinki?"

Balbela ba ta taɓa yi wa kanta wannan tambayar ba. Ta ce, "Muƙamin da aka ba Gwanki ni ya dace da shi."

Bushiya, magatakardar majalisa, ta ce, "Ke aka fara yi wa tayi, kika ce ba kya iya dogon tsayuwa."

"To, ya taɓa taka mini ƙwai."

"A sheƙarki da ke can kan giginya?" in ji Kunkuru.

"Na dai tsane shi."

Ɓauna ta ɗago da jajayen idanu ta ce, "Kada ku saurare ta. Ranar da ya tafi ta fi kowa kuka." Gaskiya ne kuwa, mako guda Balbela ta yi tana koyon kukan nan a bayan tafki.

Daga ƙarshe sai gaskiya ta kuɓuce wa Balbela. Ta ce, "Daɗi nake ji in ga ƙatuwa kamar wannan tana juyawa da kalma ɗaya tawa."

Kunkuru ya yi murmushi ya ce, "Wannan ba dalili ba ne, 'yata. Da dalili ne, da an ɗaure rabin majalisar nan. Jama'a, ku dubi baiwar Allah tana ɗora wa kanta laifi don ta sanyaya zuciyar yayarta. Na ba da shawara a naɗa ta mai sasanta tsakani, ta riƙa shiga kowane gida tana jin damuwarsa."

Aka amince ba hamayya. Balbela ta koma gida ranta a ɓace, tana ganin ba a taɓa raina mai sana'a kamar yadda aka raina ta ba.

Washegari Giwa da mijinta, waɗanda suka shekara arba'in ba a ji kansu ba, suka aiko ta zo su taya ta murna. Ta isa tun kafin a share tsakar gida.