Kurkurar Kofur Babayo

"Ni da na ƙetare ruwan gishiri har ƙasar Indiya, kumburin dasashi ne zai gagare ni? Ku kawo mini bakin kada ma in gyara!"

Kofur Babayo ke nan a kasuwar Azare, shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama. Mai karatu, tsakanina da kai, gogan naka bai taɓa harba ko tsuntsu ba. Tukwane ya wanke. A can Indiya ne ya hango wani kuku Ba'indiye yana kurkure baki da man riɗi, shi ke nan Sarkin Cika-baki ya zama likita.

Ana haka dasashin Malam Hammawa, wani Bafulatanin Gadau, ya kumbura har tuwo ya gagare shi. Shi ne kuwa uban Dijatu, bazawarar da Babayo ya yi wata da watanni yana wa zarya. Nan da nan Babayo ya zura takalman soja, ya nufi ruga.

"Baffa, kwantar da hankalinka. Asirin Indiyawa na kawo: kurkurar baki da man riɗi da kanumfari."

Sai dai kanumfarin bai samu ba, don haka Uban Dabara ya danƙara dakakken barkono a cikin man. A cewarsa ai duk yaji ne.

"Sharaɗi ɗaya," in ji shi, yana kaɗa yatsa. "In ka guntsa, ba furzarwa, ba magana, sai man ya yi fari. Wanda ya karya, haƙoransa sun zube."

Hammawa ya shinshina ƙwaryar maganin, ya yi atishawa. "To yaro, fara nuna mini yadda ake yi."

Dijatu na tsaye da ƙwaryar nono tana kallo. Ina halin ja da baya? Babayo ya cika kumatu fam.

Wai! Wuta ta kama. Ido ya yi jajur, hawaye da majina suka shiga tsere, takalman soja suka fara fareti su kaɗai.

"Yauwa, tun da ka zauna shiru yau," in ji tsoho, "Maikuɗi mahauci ma ya turo neman Dijatu. Ta ce a tambaye ka. Kana nan a kan bakanka?"

"Mmm! Mmm!"

"Baffa, kuka yake yi," in ji Dijatu. "Ga alama dole aka yi masa."

"Kai yaro, in ka fasa, girgiza kai."

Zafi ya sa kan Babayo ya dinga girgiza kamar na ƙadangare. Da ya ga mata za ta kuɓuce, sai ya buɗe baki zai ce yana so. Fuuu! Farin gemun Hammawa ya koma rawaya, har rigarsa ta samu rabo. Likita ya ruga ya tsoma kai cikin kwamin shayar da maruƙa, maruƙa suka watse.

Tsoho ya tuntsire da dariya, ya yi ta yi har ƙurjin dasashin ya fashe. Ya tofar, ya taɓa kunci, ya ji sakayau.

Babayo ya ɗago, leɓe kamar na raƙumi. "Ka ga aikin Indiya ko, Baffa? To, maganar Dijatu..."

"Wannan ta wuce, ka girgiza kai a gaban shaidu. Amma jibi ka dawo da ƙwaryarka. Goggonta ma haƙori na damunta. Kai ka guntsa, ita ta kalla."