Yadda Nomau Ya Zaɓa wa Yayansa Numfashi

A Tungar Gwadabe, ƙauyen masunta da ke gindin wata madatsar ruwa, akwai wani gida mai mutum uku: Gado, gwanin nutso da duk yankin ake ji da shi, da ƙanensa Nomau, da matar Nomau, Tumba, wadda mutanen gari suka ce haƙurinta kaɗai ya isa ya kai ta aljanna. Nomau ƙato ne, gemunsa har ya fara furfura. Ba ya sata, ba ya ƙarya, ba ya musu. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da gari zai kama da wuta.

A shekarar nan laka da kututture suka toshe ƙofar madatsar ta can ƙasa, ruwa ya daina zuwa gonakin albasa. Dole wani ya nutsa zurfin gaba goma, ya yi rabin awa yana tono, kuma kowa ya san Gado ne. Sai aka turo Injiniya Lawwali daga birni da tukwanen iska da na'urorin shaƙa iri biyu, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin tukunya, da tiyo, da robar da mai nutso ke cizawa. Ɗaya fara ce fes, mara nauyi, da 'yan huji a jikinta inda ruwa ke shiga, mutane suka sa mata suna Amarya. Ɗayar baƙa ce, mai nauyi, a toshe ruf da roba, aka sa mata Gwaggo. Ranar Alhamis Gado zai sauka da ɗaya daga ciki, in kuwa ta hana shi iska a can ƙasa, sai dai a fito da gawarsa.

Wata rana Injiniya ya so ya gwada Amarya a tudu. Ya goya wa Nomau tukunya, ya sa masa robar a baki, ya ce, "Kada ka cire sai na ce ka cire." Nan take aka kira shi a waya, ya hau mota ya tafi cin abinci gidan shugaban kwamitin madatsa, ya manta da mutum. Nomau ya zauna. Tumba ta kawo tuwo, ya girgiza kai. Aka kira azahar, ya bi sahu da tukunyarsa a baya, liman na kabbara ana jin "tsiii, fuuu" kamar ana zuga wutar maƙera, har rabin sahu suka sake salla saboda dariya. Da iskar ta yi ƙasa, Amarya ta fara rowa. Jijiyoyin wuyan Nomau suka tashi, idanunsa suka yi jawur, yana ja da ƙyar, amma bai cire ba sai da Gado ya fizge ta da ƙarfi.

"Kai wane irin mutum ne? Mutuwa za ka yi?"

"Yaya, ai bai ce in cire ba."

Da Injiniya ya dawo yana sakace haƙori, Gado ya gaya masa abar tana tauri in iska ta yi ƙasa. Injiniya ya yi murmushin masu takarda. "Malam Gado, ni da kaina na gwada ta a wurin ninƙaya na babban otal. Ba ta da ta biyu."

Wata rana kuma Injiniya ya tara masunta yana koya musu dokokin nutso. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Doka ta farko, kada ka taɓa riƙe numfashi. Ko na daƙiƙa ɗaya." Yana nufin a cikin ruwa, amma bai faɗa ba, Nomau kuwa ba ya cika wa mutum maganar da bai ƙarasa ba. Da rana surukarsa, uwar Tumba, ta zo da fura mai sanyi. Nomau ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗaga ludayi, ya haɗiye yana shaƙa a lokaci guda. Furar ta bi hanyar da ba tata ba, ta dawo ta hanci da baki, ta wanke tsohuwa tun daga kallabi har zane. Ta miƙe tana salati.

"Tumba, wanga miji naki sabon ciwo yas samu?"

"A'a Inna, tsohon ne dai."

Wata rana aka sa Nomau duba tiyo a cikin baho. Injiniya ya ce, "Duk abin da ka ga yana kumfa a ruwa, iska yake zubarwa, ka fitar da shi nan take." Nomau ya duba, babu kumfa. Da yamma Gado ya shiga gefen madatsa don ya gwada Gwaggo, aka ɗaura masa igiya a ƙugu, aka ba Nomau riƙo don ya fi kowa ƙarfi. Gado ya fitar da numfashinsa na farko, kumfa ta taso. Nomau ya ƙanƙame igiya ya ruga tudu da gudu. Haka ya jawo yayansa a kan duwatsu da ƙaya kamar an kamo giwan ruwa, gwiwoyi duk sun sale. Gado ya zauna yana haki. Gwajin Gwaggo ke nan, numfashi ɗaya. Injiniya ya rubuta a takarda cewa ba ta gamsar ba, kwamiti ya sa hannu, aka zaɓi Amarya.

Ranar Laraba da la'asar Injiniya ya ɗaura kowace na'ura a tukunyarta, ya kira Nomau ya ce, "Kai su daidai inda za a yi aikin gobe, ka ajiye." Yana nufin rumfar da ke kan bangon madatsa. Nomau ya yi tunani iya nasa: ai ba a rumfa Gado zai yi tono ba. Ya shiga kwalekwale, ya ɗaura musu igiya, ya zurara su gaba goma har suka nutse cikin lakar bakin ƙofa, ya ɗaure igiyar a ƙarfe, ya koma gida da zuciya fara.

Da safe gari ya taru, aka nemi kaya aka rasa. Da Nomau ya jawo su, laka na ɗiga, Injiniya ya kama kai. "Wanda ya yi wannan aiki jaki ne! Wallahi jaki ne!" Tumba ta rufe fuska don kunya. Aka ɗauraye su, aka buɗe tukunyar Amarya. Ta ba da numfashi uku, na huɗu ta yi ƙara, ta fesa yashi, ta ƙame. Lakar ta bi hujin nan ta cika mata ciki. Aka buɗe Gwaggo, ta saki iska sumul kamar ba ta je ko'ina ba.

Gado ya daɗe yana kallon Amarya, don cikin lakar nan zai kwashe rabin awa yana tono da ita a baki. Ya goya Gwaggo, ya miƙa igiya ga wani daban, ya sauka. Rabin awa da ɗoriya ruwa ya yi rugugi ta ƙofar, Gado ya taso da ransa. Da ya hau tudu ya rungume ƙanensa, hawaye na bin ruwan fuskarsa.

Injiniya kuwa tuni ya gyara hula, ya tsaya gaban 'yan kwamiti yana bayani. "Wannan shi muke kira gwajin laka. Ni na tsara shi, ni na ba da umarni, aikina ne tun daga farko har ƙarshe."

Nomau ya matso, ya durƙusa da ladabi, don ba ya son a yi wa babban mutum ƙarin laifi.

"Ranka shi daɗe, daina hwaɗin naka ne. Ɗazu kac ce jaki ne yay yi shi, har kay yi rantsuwa."